A Daina Ba Ɗalibai Amsa Kafin Su Taɓa Mita

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, muna roƙon fili a wannan jarida domin mu yi magana da abokan aikinmu masu koyar da kemistiri a jami'o'i da kwalejojin Bauchi da Gombe, da shugabannin sassa masu tsara jadawali. Maganar a kan babin nan ne da ya haɗa sinadarai da lantarki, wato ilektirokemistiri, wanda ɗalibin shekarar farko ke cin karo da shi a CHM 101.

Babin yakan faɗo a ƙarshen zango, lokacin da jarrabawa ta ƙarato kowa na sauri. Ɗalibi ya haddace cewa a teburin littafi zinki bolt −0.76 ne, jan ƙarfe +0.34, idan an haɗa su a batirin Daniell, wato batirin gwaji na zinki da jan ƙarfe, a sami bolt 1.10. In an yi sa'a an shiga lab, takardar firaktikal ta riga ta gaya masa abin da zai gani tun daga layin farko. To wanda mitarsa ta nuna 0.94 me zai rubuta? 1.10 zai rubuta, domin ya san nan maki yake. Alhali darasin gaba ɗaya yana cikin wannan 0.16 da ya ɓoye. Ga shi kuma firaktikal na WAEC da NECO ya fi karkata ga taitireshan da gano gishiri, don haka da yawansu sun zo ba su taɓa riƙe mita ba.

Shawararmu ita ce a juya tsarin. A fara da tambaya, ɗalibi ya rubuta hasashensa da biro ya sa hannu, ya auna, sannan a zo ga littafi. Wannan ba yana nufin a zuba musu kaya a kan tebur a tafi ofis ba. A 2006 masana harkar koyarwa Kirschner da Sweller da Clark sun yi rubutu mai ƙarfi a kan cewa sabon ɗalibi ba ya amfana idan an sake shi ba ja-gora, kuma muna tare da su a nan. Malami ne zai zaɓi tambayar, ya koya yadda ake riƙe kayan aiki, ya tsare lafiyar kowa. Amsar ce kawai zai riƙe a ransa har ƙarshen zama.

Zama na farko shi ne ginshiƙi, kuma kayansa ba su fi ƙarfin kowane sashe ba. Ana buƙatar ruwan kofa salfet (gishirin jan ƙarfe) da na zinki salfet da na ayon salfet (gishirin baƙin ƙarfe), kowanne mai ƙarfin mol 0.1 a lita. A mililita 100 na tataccen ruwa, giram 2.5 ke nan na shuɗin kofa salfet, giram 2.9 na zinki salfet, giram 2.8 na ayon salfet. Kowane rukuni mililita 25 ya ishe shi a ƙaramin kofi, ke nan lita ɗaya za ta ɗauki rukuni 40. Kowane ƙarfe ana tsoma shi a kofin ruwan gishirinsa. Gadar gishiri kuwa, wadda ke haɗa kofi biyu, tsinken takardar tacewa ne, faɗin santimita ɗaya, a jiƙa shi da ruwan fotasiyam naitiret, giram 10 a mililita 100. In bai samu ba fotasiyam kulorayid zai yi, sai dai kada a kusantar da shi ga ruwan azurfa ko na dalma, domin zai yi farin guntsari ya toshe gadar. Sai mita irin ta masu gyaran rediyo, da wayoyi masu kilif, da samfefa.

Tambayar da za a rubuta a allo gajeriya ce: ga ƙarafa uku, wace haɗuwa ce za ta fi ba da boltej, kuma wane ƙarfe ne zai zama gefen da ilektoron ke fitowa? Za su auna zinki da jan ƙarfe, zinki da baƙin ƙarfe, baƙin ƙarfe da jan ƙarfe. Littafi ya ce 1.10 da 0.32 da 0.78. Kada a gaya musu. Idan rukunoni sun zuba sakamakonsu a allo, wani a cikinsu zai lura cewa ƙananan biyun idan an tara su suna ba da babban, ko kusa da shi. Daga nan malami ya ce: to ku zaɓi ƙarfe ɗaya ku kira shi sifili, ku jera sauran. Wani rukuni zai zaɓi jan ƙarfe, wani zinki, lambobinsu su bambanta amma tazara ta zama ɗaya. Wanda ya yi wannan da hannunsa ba zai sha wahalar gane cewa sifilin da aka ba haidirojin a teburin littafi yarjejeniya ce ta masana ba.

Yanzu ga inda ake tuntuɓe, kuma ya kamata mai kula da lab ya san su tun kafin a buɗe ƙofa. Ƙarfen da ba a goge ba yana da dattin iska a fuskarsa, sai karatu ya yi ƙasa ya riƙa yawo. A goge shi har ya yi ƙyalli, a ɗauraye, kada a taɓa wurin da yatsa. Ruwan ayon salfet ba ya kwana. Iska na mayar da shi ruwan ɗorawa-ɗorawa, alamar baƙin ƙarfen da ke ciki ya tashi daga mai caji biyu zuwa mai caji uku, don haka a haɗa shi ranar da za a yi aiki. Ko da sabo ne ma, baƙin ƙarfe yakan ba da ƙasa da abin da littafi ya ce. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana iya sa ruwan kofa salfet ya yi gajimare saboda gishirin da ke cikinsa. Kilif ɗin waya idan ya nutse cikin ruwan, ya zama ƙarfe na biyu a wurin, karatu ya gurɓace. Da hunturu takardar gada tana bushewa tun ba a gama ba, sai a riƙa ɗiga mata ruwanta. Kuma kowane sabon haɗi da sabuwar gada, kada a ɗauko wadda ta sha shuɗi a kai wani kofi. Mita mai araha kuwa, idan batirinta na bolt 9 ya yi sanyi, takan ƙara wa karatu, har ɗalibi ya ga 1.3 ya ɗauka ya fi Daniell iyawa. A gwada dukkan mitoci a kan batir guda kafin a raba su.

Batun inda za a samo ƙarafan ma yana da tarko. Ba kowace jar waya ta kasuwa ce jan ƙarfe ba. Akwai alminiyam da aka yi wa rufin ja. A kankare da wuƙa, in cikin ya fito fari a ajiye ta. Kwanon rufi baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa zinki siriri, samfefa kaɗan za ta cinye shi. Inda zinki na gaske yake shi ne gwangwanin tsohon batirin tocila irin na gawayi, kuma sandar da ke tsakiyarsa tana aiki a gwajin raba ruwa da lantarki. Ma'aikacin lab ne zai fasa su da safar hannu ya wanke baƙin ƙullin, ba ɗalibai ba. Batirin alkalin da na litiyam kuwa ba a fasa su ko kaɗan.

Idan akwai alminiyam, a ba su shi a matsayin ƙarfe na huɗu, da gangan. Tebur ya ba shi −1.66, wato ya kamata ya fi zinki ba da boltej, amma mita za ta ƙaryata haka saboda fatar oksayid da ke rufe shi nan take. Su yi gardama a kai. Amsar ita ce dalilin da ya sa tukunyar alminiyam ke shekaru a kan murhu ba ta ci ba.

Akwai kuskuren fahimta guda da ya shahara, masana Sanger da Greenbowe sun rubuta a kansa a 1997: ɗalibai na ɗaukar cewa ilektoron na bi ta cikin gadar gishiri su kewayo. Gaskiyar ita ce ayon, wato ƙwayoyin sinadari masu caji, su ne ke tafiya a cikin ruwa da gada, ilektoron kuwa waya kaɗai suke bi. Wasu malamai kan so su nuna haka ta hanyar cire gadar su sa wayar jan ƙarfe a madadinta, suna jiran mita ta nuna sifili. Ba za ta nuna ba. Bakin wayar da ya shiga ruwan zinki ya zama sabon ilektirod, an sami wani batirin daban, kuma mitar dijital tana jan wuta kaɗan ƙwarai, don haka za ta karanta boltej. Malamin da bai shirya wa wannan ba zai ƙara dulmuya ajinsa. Abin da ya fi shi ne a jiƙa takardar tacewa a kan gilashi, a ɗora ƙwayar famanganet ɗaya a tsakiya, a haɗa gefe da gefe da batir biyu masu bolt 9 a jere. Cikin kwata na awa za a ga launin shunayya ya miƙe ya nufi gefen fositif. Gani ya kori ji.

A wannan zaman dai, a tambaye su: idan an ninka girman farantin zinki, boltej zai ƙaru? Da yawa za su ce e. Ba zai motsa ba. Sai a ba su resisto mai om 1,000 su gitta a bakin batirin, su ga boltej ya zube. A ce ya sauka daga 1.08 zuwa 0.36. Lissafi zai nuna cewa turjiyar cikin batirin kanta om 2,000 ce, kuma yawancinta a siririyar gadar take. Su sa gada biyu su sake aunawa. Nan za su gane dalilin da batirin mota zai nuna bolt 12 a mita amma ya kasa tayar da inji, abin da kowane mai cajin batir a Bauchi ya sani ko bai taɓa jin sunan Daniell ba.

Zama na biyu na ƙarfin ruwa ne, wato hanyar zuwa ga lissafin Nernst na 1889, mai nuna yadda ƙarfin ruwa ke sauya boltej. Maimakon a rubuta lissafin tukuna, a sa jan ƙarfe a kofi biyu, ruwan duka kofa salfet, ɗaya mol 0.1, ɗayan 0.01, sannan 0.001. Ana samun kowanne ta ɗibar mililita 10 na wanda ya gabace shi a cika zuwa 100. A sa mita a ma'aunin milibolt 200. Kafin komai a tsoma faranti biyun a ruwa iri ɗaya. In bambancinsu ya wuce milibolt biyu ko uku, a koma ga samfefa, in ba haka ba dattin faranti za a auna. A fara da ruwa mafi tsinkewa a hau zuwa mai kauri, saboda ɗigo ɗaya na 0.1 da ya maƙale a faranti ya isa ya ɓata 0.001.

Lissafi ya ce kowane ninki goma zai ba da milibolt 29.6 a zafin digiri 25. Abin da za a gani ya fi kusa da 20. Amsar farko da za a ji daga ɗalibai ita ce zafin gari ne, musamman a watan Afrilu. A ce su lissafa. A digiri 35 lambar 30.6 ce, wato zafi ƙara ta yake yi, kuma da milibolt ɗaya kacal. Dalilin gaskiya shi ne ayon na kofa da na salfet, masu caji bibbiyu, suna riƙe juna a cikin ruwa, sai ruwan ya yi aiki kamar bai kai ƙarfin da aka rubuta a kwalba ba. A mol 0.1, abin da ke aiki bai wuce kashi 15 ko 16 cikin ɗari ba. Wannan magana ce ta aji biyu ko uku, amma babu laifi ɗan aji ɗaya ya san cewa lissafin yana da iyaka. Mai kaifin basira zai tambaya: to me ya sa batirin Daniell ya ba da kusan 1.10 a mol 0.1? Domin zinki salfet ma haka yake yi, ragin gefen nan ya share na wancan.

Zama na uku shi ne na dokar Faraday, wato alaƙar yawan caji da nauyin ƙarfen da ya sauka a faranti, kuma shi ne ya fi ba da lamba mai kyau idan an kiyaye. A narka giram 25 na kofa salfet a mililita 200, a ƙara mililita 10 na salfiyurik asid mai mol 1. Faranti biyu na jan ƙarfe, kowanne ya nutse kamar santimita 4 sau 5, suna fuskantar juna, a kafe su kada su motsa. Ba sai an jira wutar gari ba. Fawa-bank mai bolt 5 da resisto mai om 10, wat 5, za su ba da wajen amfiya 0.4. A sa wayar mita a ramin amfiya 10, domin ramin miliamfiya 200 fis ɗinsa zai ƙone nan take. A rubuta karatun mita kowane minti biyu a ɗauki matsakaici, tunda wutar ba ta tsayawa cak.

Kada kowa ya yi lokaci ɗaya. Wasu su yi minti 20, wasu 30, wasu 40. A amfiya 0.40, minti 30 kulom 720 ne, katod, wato farantin da jan ƙarfe ke sauka a kai, zai ƙara kimanin giram 0.24. Na minti 20 zai ba da 0.16, na 40 kuma 0.32. Idan aji ya haɗa sakamako a giraf ɗaya, nauyi a tsaye, caji a kwance, za a sami miƙaƙƙen layi mai hawan kusan miligiram 0.33 a kowane kulom. Sai a ba su nauyin mol na jan ƙarfe, 63.55, da lambar Faraday, 96,485, a ce su nemo ilektoron nawa kowane atom ya ci. Biyu za ta fito daga hannunsu. Sikelin da ke tsayawa a giram 0.01 yana kawo kuskuren kusan kashi 4 cikin ɗari a 0.24, shi ya sa ba ma ba da shawarar minti 10.

Abubuwan da ke ɓata wannan gwaji sanannu ne. Idan wuta ta yi wa faɗin faranti yawa, jan ƙarfen zai sauka baƙi-baƙi kamar gari, ya zube wajen ɗauraya, nauyi ya yi ƙasa. Maiƙon yatsa na hana shi kamawa. Wanda ya auna faranti da danshi zai sami fiye da ƙima, haka wanda ya busar a kan harshen wuta, domin iska za ta kama shi ya yi baƙi ya ƙara nauyi. A ɗauraye da tataccen ruwa, a tsoma a asiton nesa da wuta, a bar shi ya sha iska. A auna anod, wato farantin da ke narkewa, shi ma. Sau da yawa abin da ya rasa ya ɗan fi abin da katod ya samu, kuma amsar tana ƙasan bika, inda ɓurɓushi ya kwanta.

A nan ne kuma za a warware rikicin alama. Ɗalibi ya haddace anod negatif ne, ya zo wannan zama ya tarar da shi a fositif. A koma ga batirin Daniell na zaman farko, a haɗa masa batir mai bolt 1.5, fositif ga jan ƙarfe, negatif ga zinki, da mita a tsakani a ma'aunin ƙaramar wuta. Alamar karatu za ta juya. Jan ƙarfe yana nan a fositif ɗinsa, amma yanzu shi ke narkewa, wato ya koma anod. Inda ake sakin ilektoron nan ne anod, ko wace alama yake ɗauke da ita. Abin da ke faruwa ke nan a batirin sola kowace rana, da hantsi yana caji, da dare yana bayarwa.

In lokaci ya rage, zama na huɗu a sakar musu mara su kawo tambayarsu. Ƙusa da aka naɗa wa jar waya da wadda aka naɗa wa zinki, wacce za ta riga tsatsa a ruwan gishiri? Lemun tsami da ruwan tsamiya nawa za a jera kafin ƙaramin jan ƙwai na LED, mai buƙatar kusan bolt 2, ya kama? Sai dai a duba ƙusar, don wasu da rufin zinki ake sayar da su. Wanda ya zaɓi raba ruwa kada ya sa gishirin miya, kulorin zai tashi a ɗaki mai cunkoso. Sodiyam salfet ya fi.

Mun san abin da za a ce: aji ɗaya ɗalibi ɗaruruwa, lab ɗaya, ma'aikata ƙalilan. Gaskiya ne. Amma zaman farko ana iya yin sa ba kofi ko ɗaya. A yanka takardar tacewa mai reshe uku ko huɗu, a ɗora a kan gilashi, kowane reshe a ɗiga ruwan ƙarfensa sau biyu a ɗora gutsuren ƙarfen, a ɗiga ruwan gada a tsakiya, a taɓa da bakin wayoyin mita. Mililita 100 sai ta wadaci aji duka. Rukuni kada ya wuce mutum huɗu, kuma a riƙa juya mai riƙe mita, don in an bar su, mutum ɗaya ne zai yi aikin sauran su kwafa, kuma sau da yawa mata ake bari da rubutu. A zaman awa uku, kwata na farko na hasashe ne, minti 40 na ƙarshe na tattauna abin da ke allo. Wannan na ƙarshen shi ake fara yankewa idan an makara, alhali in babu shi ɗalibi zai fita da lambobi ba ma'ana.

Duk wannan ba zai yi aiki ba matuƙar maki na bin kusanci da amsar littafi. A ba da kaso mafi tsoka ga bayanin dalilin da sakamako ya kauce da kuma gwajin da aka yi don tabbatar da dalilin. Hasashen da bai dace ba kada ya sa a rage wa ɗalibi maki ko ɗaya. Mai kula da lab ya sa hannu a kan lambobin kafin a fita, kuma jimlar nan ta "kuskuren ɗan Adam" a daina karɓarta sai an faɗi wane kuskure, kuma sama ya tura lambar ko ƙasa.

Manhajar CCMAS da hukumar NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta, don haka ƙofar gyara a buɗe take. Roƙonmu ga shugabannin sassa, daga Yelwa da Gaɗau har Kashere da Gombe, shi ne a ware zama uku a firaktikal na aji ɗaya, a matso da babin gaba a jadawali, a kuma zauna da ma'aikatan lab su gwada kowane mataki da kayan da ke hannu mako guda kafin ɗalibai su shigo. A cikin kasafin a sa bokiti mai murfi da soson ƙarfe. Ragowar shuɗin ruwan guba ne ga kifi, ba a zuba shi a kwata. A jiƙa soson a ciki har shuɗin ya ɓace, a tace jan ƙarfen da ya kwanta, ruwan zinki kuma a tara shi a jarka daban mai lakabi.

Wassalam.

Wasu malaman kemistiri,
Bauchi.